Wanda Bai Da Ƙasa

In ka shiga kasuwar Malanbil ta wajen 'yan albasa, ka ji lasifika tana rantsuwa cewa wannan maganin ɓera ko ɓeran Gaya ya san labarinsa, to muryar nan ta hannun Abdulwasi'u ta bi. Shi ba ya sayar da abin da za ka riƙe a hannu. Murya yake ɗauka, ya wanke ta tas, ya zuba maka a kart memwar, ɗan katin nan na waya, ka tafi ka dami bayin Allah da ita har la'asar. Mai maganin basir, mai atamfa, wanda akuyarsa ta ɓata, makaɗin biki da ke son a ji shi a Gene da Garu, duk wurinsa suke zuwa. Shagon nasa wata tsohuwar kwantena ce mai shuɗin fenti, a bayan inda masu kabu-kabu ke jiran fasinja.

Ɗan gidan 'yan albasa ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya yi iya yinsa ya koya masa gane albasa mai ajiyuwa da ido kawai, amma yaro ya ƙi ido ya bi kunne. Tun yana lakwal, wato makarantar boko, ya kwance rediyon gidansu don ya ga inda mai labarai yake zama. Ya sha duka, washegari ya sake kwancewa. Da aka ga abin nasa ba na duka ba ne, sai aka kai shi wurin wani mai sayar da kaset, a zamanin da wanda bai iya rubutu ba yake zama gaban rediyo ya faɗi wasiƙarsa da baki, a ba direba ya kai Kwatano ko Yamai. Kaset ya mutu, faifan sidi ya zo ya wuce, waya ta cinye kowa, shi kuwa yana biye da su ɗaya bayan ɗaya har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Yanzu kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai ordinatar, wato kwamfuta, akwai makirfo, sai wani ɗan akwatin ƙarfe da bai fi gwangwanin sadin ba, wanda masu sana'ar ke kira kart son. Ana soka wayarsa a ɗaya daga ramukan gefen ordinatar, shi kuma ya karɓi sauti daga makirfo ko daga kaset ya mai da shi abin da inji zai iya ajiyewa. Abdulwasi'u yana ji da akwatin nan fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Ba a taɓa yin mutum mai tsanar ƙara irinsa ba. Ya sha sa mai atamfa ta cire warwaronta kafin ta yi magana, ya sha tsai da aiki saboda kazar maƙwabta, ya taɓa korar wani alhaji ya je ya sake takalmi don nasa suna ƙiƙi. Yana da magana ɗaya da kowa a layin ya haddace: kowace ƙara da ƙofar da ta shigo, in ka samo ƙofar ka rufe, shi ke nan. Yana faɗinta da gadara, don bai taɓa neman ƙofa ya rasa ba.

Murya ɗaya ce a garin nan ba ta taɓa bi ta hannunsa ba, ita ce ta yayansa Khalidu.

Khalidu shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, Halimatussa'adiya, wadda duk unguwa ke ce wa Inna Sa'a. Shi ya gaji albasa. Mutum ne marar yawan magana, amma in ya zauna tsintar ruɓaɓɓu daga masu kyau sai ka ji yana wani gunji a maƙoshi, baki rufe, ba waƙa ba, ba karatu ba, sauti ɗaya mai kauri da ba ya hawa ba ya sauka. Wata shekara da gulbi ya cika ya batse, ya shiga jirgi da kaya daga wajen Garu, jirgin ya kife a tsakiya. Sauran mutanen sun fita. Sarkawa suka yi ta bin ruwa kwana da kwanaki, suka tsamo buhuna, suka tsamo takalminsa ƙafa ɗaya, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, amma babu wani wuri a duniya da za a nuna a ce nan yake kwance.

Inna Sa'a ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ne, kunya ba ta barinta. Yana da rai ba ta taɓa kama sunansa ba, bare yanzu. In dole ta yi zancensa sai ta ce wancan, ko mai albasa. Abin da ya rage mata nasa shi ne kaset ɗaya, wasiƙar baki da ya aiko mata a tafiyarsa ta farko Kwatano. Takan rufe ɗaki ta saurara in gida ya yi shiru, har ranar da rediyonta ya tauna zaren. Ta zaro shi da tsinke, ta naɗe da yatsa, ta ƙunshe kaset ɗin a ɗankwali ta sa a ƙasan kwalla. Abdulwasi'u ya roƙe ta ya fi a ƙirga ta ba shi ya gyara, ta ƙi. Ta ce ta san hannunsa tun yana yaro, abin da ya taɓa sai ya ga hanjinsa.

Shekaru suka tura. A bazarar da ta wuce kunnen Inna ya fara rufewa. Kiran sallar masallacin bakin layi ya daina isa gare ta, sai ta ga surukarta Barakatu, matar Abdulwasi'u, ta ɗauki buta sannan ta san lokaci ya yi. Magana ma da ido take jinta: in tana kallon bakinka ka ɗaga murya, ta gane, in ka ba ta baya ka yi a banza. Wata safiya ta kira Abdulwasi'u ɗakinta, ta kwance ɗankwalin a gabansa, ta ce ya zuba mata wancan a waya tun kunnen bai gama tafiya ba, tana son ta ji gaisuwarsa ko sau ɗaya. Sharaɗinta ɗaya ne, kaset ba zai fita daga ɗakin nan ba. Ya ce ya ji, ya fita yana murna, yana kuma jin tsoron da bai san na mene ne ba.

Da hantsi ya kwaso kaya daga shago: ordinatar, kart son, lasifika, da manyeto, wato babbar na'urar juya kaset da ya ajiye tun zamanin maigidansa mai kaset. Ya shimfiɗa su a tabarma, ya jona kowace waya a muhallinta, ya soka a bango. Bai ma sa kaset ba tukuna, sai lasifika ta fara kuka. Wani gunji ne mai kauri, a ƙasa-ƙasa, ba ya hawa ba ya sauka. Ya ɗan ɓata fuska, ya ce bari dai ya ji abin da ke zaren. Ya danna. Can ƙarƙashin gunjin ya ji sallamar yayansa, siririya, kamar daga bayan katanga, sai zaren ya yi wani ƙiii, ya yi maza ya tsayar. Da ya buɗe, ya ga garin ƙasa-ƙasa ya zube a kan manyeto. Zaren yana mutuwa. In an yi sa'a zai jure juyi ɗaya nan gaba, don haka wannan ɗayan dole ya fita fes.

Kaset ya tsaya, gunjin bai tsaya ba. Inna ta karkato kai wajen lasifika, ta daɗe a haka, sannan ta dube shi.

"Ka ji shi? Nishi shikai. Da can ba haka shike ba."

Ya matso inda za ta ga bakinsa, ya ce mata inji ne kawai, ƙarar wuta ce, ita ce ta danne mata maganar, yanzu zai cire ta ta ji gaisuwar sarai.

"Inji ina yas san wagga murya?" in ji ta.

Ya buɗe baki zai ba ta amsa, sai kunnensa ya riga shi. Kunnen da yake taƙama da shi, shi ya ci amanarsa ranar. Ya ga Khalidu zaune a zaure, albasa zube a gabansa, baki rufe. Sautin ɗaya ne, ko kaurinsa bai bambanta ba. Rana tsaka ce, zafi kamar ya tsaga kai, amma tsikar jikinsa ta tashi. Ya yi a'uziyya a zuci, ya ce wa kansa kowace ƙara da ƙofarta, ya zare wayar daga bango.

Washegari ya shiga neman ƙofa. Ya cire kart son daga ramin dama ya mayar na hagu, gunji na nan. Ya sake wayar da ta haɗa manyeto da akwatin, ya sa sabuwa fil daga leda, yana nan. Ya kai wayoyin hannu na gidan duka zaure, ya kashe fanka har Inna ta jiƙe da gumi, ya kashe firigon da Barakatu ke yin ƙanƙarar sayarwa har ta narke, Barakatu ta biyo shi tsakar gida tana tambayarsa ko muryar ce za su ci da rana. Ya so ya cire cajar ordinatar ya bar ta a kan batir, amma batirin ya daɗe da mutuwa, kana zarewa take ɗaukewa. Ya aro ta wani abokinsa mai batir lafiyayye, gunjin ya ragu ya koma siriri, da ya soka manyeto a bango ya dawo da ƙarfinsa. Ƙaramin rediyo mai batir kuwa bai yarda ya kusanci zaren ba, irinsa ne ya tauna shi tun farko.

Abin da ya fi ɗaure masa kai, da ya mai da kayan zuwa shago ya jona su yadda suke, sai shiru. Ya ƙure murya har ƙarshe, ko numfashi babu. Ya ɗora su a babur ya dawo gida, yana sokawa kukan ya tashi. A ɗakinsa ma akwai shi kaɗan, amma a ɗakin Inna, kusa da kwallar nan, ya fi kauri. Ya roƙe ta ta bar shi ya kai kaset shago na awa guda, ta ce ai sun yi magana. Wancan ya fita daga gidan nan sau ɗaya bai komo ba, ba za ta sake ba da shi ba.

Sai ranar da abin ya wuce saninsa. Bayan azahar ne, Inna ta idar da salla, ƙafafunta da sauran damshin alwala, tana zaune a kan siminti ba tabarma. Shi yana durƙushe yana sake jujjuya wayoyi, lasifika na ta gunjinta. Sai ta miƙa hannu ta ɗora tafinta a kan ɗan akwatin ƙarfen, yadda ake dafa goshin mai zazzaɓi. Kukan ya ɗauke ɗif. Ɗakin ya yi shirun da har yana jin tattabarun maƙwabta. Ta ɗaga hannu, ya dawo. Ta mayar, ya ɗauke. Ta kalli Abdulwasi'u, shi kuma ya kalli ƙasa.

Ba ta ɗaga hannun nan ba har aka kira la'asar. Ya gwada nasa, da takalmi a ƙafarsa, abin ya ragu kaɗan kawai, har ya ji ɗan cizo a yatsa. Ya ce to ta riƙe haka ya juya kaset ɗin a gama, amma hannun tsufa rawa yake, kowace rawa sai ta fito a lasifika ƙaras-ƙaras, ga shi juyi ɗaya ya rage. Ya zare wuta ya ce ta huta. Ta ce kashewar da ya yi ba ta sa wancan ya daina ba, su ne dai suka daina ji. Daga ranar kullum sai ta sa ya kunna, ta zauna ta dafa akwatin, ta rufe ido, leɓenta na motsi. Barakatu ta kai tuwo ta ɗauko shi yadda ta kai. Fura ma sai an yi da gaske take kurɓa. Cikin 'yan kwanaki wuyanta ya zurma, zanen da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa.

Nan fa tsoro ya kama Abdulwasi'u na gaske. Ya shiga neman ya ba uwarsa murya, ga shi yana kallo muryar tana cinye ta. Shi kansa abin ya bi shi. Yana zaune a shago da rana, kasuwa na ci, sai ya ji gunjin a bayan kunnensa na hagu, ya waiga, babu kowa sai buhunan albasa a rumfar da ke kallonsa. Ya daina bi ta layin 'yan albasa, ya koma zagayawa ta wajen masu kifi. Mai maganin ɓera ya zo sabunta talla, ya ɗauka da kaza tana kuka a ciki bai ma lura ba.

Girman kai ya hana shi tambaya da wuri, amma ranar da Inna ta tashi za ta yi alwala jiri ya kwashe ta, ya ajiye girman kan ya tafi wurin Ɗan'iya. Ɗan'iya mai gyaran wuta ne, abokinsa tun na yarinta, shi ya ja masa wuta a kwantena shekarun baya. Mutum ne mai ƙatuwar murya, ya yi zama da janareto har ya manta yadda ake magana a hankali, in yana gaishe ka a bakin kasuwa sai a amsa a tasha. Ya zo, ya durƙusa ya gai da Inna, ya dubi soket ɗin bango mai rami biyu, ya fito da ɗan sukudirebansa mai ido ya taɓa jikin akwatin. Idon ya kawo ja. Ya yi dariya.

A nan sai an yi wa mai karatu bayani kaɗan. Masu gyaran wuta suna da wata waya ta uku da ake ja daga kayan wuta a ɗaure a jikin ƙarfen da aka kafa a cikin ƙasa, don ragowar wutar da ke yawo a jikin inji ta sami inda za ta tafi. Da Faransanci suna da sunanta, amma in suna Hausa ƙasa kawai suke cewa. Kwantenar Abdulwasi'u tana da ita tun ranar farko, shi ya sa bai taɓa sanin wannan ƙofar ba, ya shekara yana cika baki alhali rabin aikin kwantenar da yake zaune a ciki ce ke yi masa. Tsohon gidansu kuwa ba wanda ya taɓa ja masa. Ɗan'iya bai yi duk wannan bayanin ba. Ya juyo ne kawai, fuskarsa na kallon Inna, ya faɗa da muryarsa ta kullum.

"Ai bai da ƙasa! Shi ya sa. Duk wanda bai da ƙasa kuka zai ta yi, har ran da anka ba shi."

Inna tana kallon bakinsa. Ta ce ya maimaita, ya maimaita, har da ƙarin cewa hannunta da ta ɗora aron ƙasa ne take ba shi, amma aro ba ya raba gardama. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na sani," in ji ta. "Tun shekarar da ruwa yac ci shi nike hwaɗa ma raina. To ku ba shi."

Sai a lokacin Ɗan'iya ya gane inda maganarsa ta faɗa. Dariyar ta bushe a bakinsa, ya dubi abokinsa, abokin ya kau da kai. A zaure ya yi ta ba da haƙuri, ya ce wallahi inji yake nufi. Abdulwasi'u ya ce ya sani, ya dai kawo ƙarfen gobe.

Da safe Ɗan'iya ya zo da sandar jan ƙarfe mai tsawo, da gawayi, da gishiri, da waya mai kore da rawaya. Ya zaɓi gindin katanga wajen makwarara, don nan ne ƙasa ba ta bushewa. Inna ta fito dafe da bango ta ce a'a, ba a wurin ruwan wanke-wanke ba. Ta nuna gindin bishiyar bedi, gabas da ɗakinta, inda inuwa take. Abdulwasi'u ya tsaya a gabanta ya ce, cikin ladabi, ƙarfe ne fa za a kafa, ba mutum ba, kada ta sa wa ranta abin da ba shi ne ba.

"Na ce maka mutum na? Ni dai ruwa za ni zuba. Amma na gulbi nika so."

Ya ɗauki jarka ya hau babur. Rabonsa da bakin ruwan nan ta wannan mashigi tun ranar da sarkawa suka ce sun gaji. Gulbin ya janye saboda bazara, yashi ya fito fari, jirage na kife a gaɓa, babu kowa sai wata mata can nesa tana wanki. Ya tuɓe takalmi ya shiga har gwiwa ya danna jarkar. Tana cika tana wani sauti a maƙoshinta, mai kauri, shi kuma gunjin na bayan kunnensa ya taso ya haɗu da shi har ya kasa rabe su. Bai waiga ba. Ya rufe jarka, ya yi wa yayansa addu'a a tsaye a cikin ruwan, ya fito.

Ya tarar an haƙa rami, an kafa sandar, Ɗan'iya yana ta bugunta da guduma tana nitsewa. Mutumin da ba ya iya shiru, ranar ko tari bai yi ba. Aka zuba gawayi, aka zuba gishiri, kamar yadda aikin yake. Da aka zo mai da ƙasa, Inna ta matso. Mace ba ta zuwa maƙabarta, ko da an sami gawar ba za ta ga inda aka sa shi ba, amma nan tsakar gidanta ne, babu mai hana ta. Ta durƙusa da kyar, ta ɗebi ƙasa da hannu biyu ta zuba, ta sake ɗiba ta zuba. Ba wanda ya ce a yi, sai ga Ɗan'iya ya ajiye shebur shi ma yana turawa da hannu. Ta karɓi moɗa ta yayyafa ruwan gulbin har wurin ya jiƙe ya kwanta, ta shafe saman da tafinta. Barakatu tana bakin madafa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka ja koriyar wayar ta taga har cikin ɗaki. Abdulwasi'u ya kunna kaya, gunjin ya tashi kamar kullum. Ɗan'iya ya ɗaura bakin wayar a jikin manyeto da akwatin, ya murɗa 'yar ƙusa. Kukan ya yanke, ba wanda ya dafa komai. Abdulwasi'u ya ƙure murya, shiru. Har na bayan kunnensa ya nema ya rasa. Ya sa kaset, ya yi bisimilla, ya danna ɗauka a ordinatar, ya danna juyi.

Khalidu ya yi sallama. Muryar ta fito fes, ta saurayi, har kana jin hayaniyar titin Kwatano a bayansa. Ya gai da Inna, ya gai da Baba, ya ce ya sauka lafiya, ruwan sama a can ba ya ƙarewa, abincinsu duk manja ne. Ya ce a faɗa wa Wasi'u in ya kuskura ya kwance masa rediyo kafin ya komo, zai kwance masa kunne. Ya yi 'yar dariya. Abdulwasi'u, mai furfura a gemu, hawaye suka zubo masa bai ko share ba. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan tsabta ba, ya juya ya ga yadda uwarsa ke karɓarsa.

Inna ta kafa kunnenta na dama a jikin lasifika. Fuskarta ba ta canza ba. Ta ɗago ta tambaye shi ko ya kunna. Ya ce ya kunna, ya ƙara murya. Ya ƙara har kwanonin kan kwalla suna amsawa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga jin muryar da suka manta. Ta sake kafa kunne, ta daɗe, ta ɗago.

Sai ya gane. Ba gunjin ne ya danne mata maganar ba. Maganar ta riga ta fi ƙarfin kunnenta tun kafin ya kwaso kaya daga shago, murya ce siririya kuma babu bakin da za ta kalla. Abin da ya rage mata a duniyar sauti shi ne mai kaurin nan na ƙasa-ƙasa, shi kaɗai take ji na ɗanta, shi kuwa ya yi kwana da kwanaki yana neman ƙofarsa, ya samu, ya rufe. Hannunsa ya tafi kan 'yar ƙusar da ke riƙe da koriyar waya. Murɗa ɗaya ce, kukan ya dawo, ta sami abin ji.

Ta ga hannun. Ta kama shi ta janye, ta riƙe.

"Bar shi," ta ce. "Ya yi shiru. Alhamdu lillahi."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe. Ta leƙa ta taga ta ce wa Barakatu ta dama mata fura mai yawa, yunwa take ji. Ta nufi ƙofa, ta ba lasifika baya, zaren yana ta juyawa yana zubar da garinsa. A cikin kaset ɗin Khalidu ya ɗan tsaya, kamar yadda masu wasiƙar baki kan yi in ba su saba da inji ba, sannan ya ce, "Inna, kina jina kuwa?"

Tana bakin ƙofa, fuskarta na wajen gindin bedi inda ƙasa ke jiƙe. Ba ta juyo ba.

"Kwanta abinka, Khalidu," ta ce.

Ɗan'iya ya dubi Abdulwasi'u. Tun da aka haifi Abdulwasi'u bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Ya bar wayar a ɗaure, ya zauna har zaren ya ƙare.